Madabod Daga Ƙetaren Gada

Foz do Iguaçu,
Litinin, 3 ga Fabrairu.

Zuwa ga Yayata Ihsan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar taki? Kina dai shafa man nan? Mun ga ruwa ya cika muku tituna a São Paulo, Allah ya sa bai shiga shago ba. Mu nan sai godiyar Allah, zafi ne kawai ake yi kamar za a gasa mutum.

Kada ki yi mamakin ganin na koma rubutu a takarda ina ɗaukar hotonta in turo miki. Kin san gidanmu, in na yi tari a kicin maigidana Abu Tarik yana ji daga falo. Abin da zan gaya miki kuwa ba na son ya ji.

Yaya, yau kwana goma sha ɗaya kwamfutarsa tana warwatse a kan teburin cin abinci. Na san za ki ce dattijo mai shekara hamsin da takwas, me ya haɗa shi da wasan yara. Ni ma haka na ce da farko. Amma ke shaida ce, tun da ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar hagu, mutumin da ya shekara ashirin da shida yana jan tirelar waken soya daga nan zuwa Paranaguá ya koma zaman bakin taga. Wasan tuƙin tirelar nan da ɗanmu Tarik ya haɗa masa kafin ya tafi Lisbon, da sitiyarinsa da komai, shi ya dawo mana da muryarsa cikin gida. Duk Lahadi bayan La'asar sai su haɗu ta intanet da tsofaffin abokan aikinsa, kowa daga ɗakinsa, su jera motoci su kama hanya.

To da aka sabunta wasan, sai tsohuwar kwamfutar ta fara gazawa. Motarsa ta riƙa ƙamewa a tsakiyar titi, na baya su afka mata. Kin san a nan Baturke suke kiran duk Balarabe, wai mu masu tallar yadi ne. Na ji abokinsa Osmar da kunnena yana cewa, “Kai Baturke, yadi ka tsaya sayarwa a kan hanya ne?” Shi kuma ya ce, “Rufe min baki, mai tumbi. Wa ya janyo ka daga laka ranar da kake kiran mamarka?” Suka yi dariya. Amma da aka kashe na ga fuskarsa.

Tarik ya aiko masa da sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta, furosesa suke kiranta, ba ta fi biskit girma ba. Don ɗoki bai jira yaron ya kira ba, ya kwance komai. Ashe ba ta shiga tsohon madabod ɗin, wato faffaɗan allon nan da ke cikin akwatin, wanda duk sauran kayan suke hawa kansa. Garin mayar da tsohuwar kuma ya danna da ƙarfi, allon ya tsage. Yatsunsa ba sa ji sosai yanzu, shi kuwa ba ya yarda a faɗa.

Tun ranar ya koma taga. Lahadi biyu Osmar yana kira, ya ƙi ɗauka. Abinci sai ya tsakura ya ture. Ƙafar roba da aka yi masa tana jingine bayan ƙofa, sau biyu yana ƙin zuwa asibiti a gyara mata zama. Tarik ya ce zai turo kuɗi, ya ce in ya turo zai mayar masa. Da na yi magana sai ya ce, “Bar shi, Widad. An gama tuƙi.” Ba ki ji yadda ya faɗe ta ba.

Ina da abin da na tara daga kibbe, ƙosan naman nan da nake sayarwa, zai kai dala casa'in. Tarik ya rubuto min iri uku, na kwafe a littafina. Na farko dala sittin, amma ya ce bai san masu yinsa ba. Na biyu tamanin da biyar, yana karɓar sabuwar furosesar, yana kuma karɓar ram ɗinmu na da, waɗansu siraran sanduna biyu, ba sai mun sayi sabbi ba. Na uku ɗari da talatin, har da fitilu masu launi, kamar motar biki. Na karanta lambobin nan har na haddace su, amma da na rufe littafin sai zuciyata ta ce ko na juya wata lamba. In tashi in duba, in zauna, in sake tashi. Har istihara na yi, Yaya, a kan abin da ban san sunan rabin kayansa ba. Allah ya yafe min in na yi wasa da addu'a.

Jibi zan ƙetara gada zuwa Ciudad del Este, garin kasuwar nan da ke ƙasar maƙwabta. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan ƴan biyu.

Ƙanwarki,
Widad.

Alhamis, 6 ga Fabrairu.

Yayata Ihsan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonki, na gode da addu'a.

Na je jiya. Kin san ƙa'idar can: ba a biyan kuɗi sai an buɗe kwali an gwada kaya a gabanka, don in ka hau gada magana ta ƙare. Sau uku Tarik yana nanata min. Ya ce, “Mama, ki riƙe furosesar a jakarki, su ɗora ta, ki ga allo ya kawo haske da idonki.” Na ce na ji.

Shago uku na shiga. Na farko ya ce na dala sittin ɗin ya ishi tsoho, ban ji daɗin maganar ba na fita. Na biyu ya so ya ɗora min mai fitilu, wai jikana zai yi murna. Na uku babu irin namu. Ga zafi, ga masu raba takardun talla suna jan hannun mutum, ga mai sayar da chipa, burodin rogon nan nasu, yana ta bi na da kwando. A hawa na huɗu na wata kasuwa na tsaya ina haki, na ce “Ya Rabbi” da ƙarfi ban sani ba. Sai wani dattijo daga bayan kanta ya ce da larabcin gida, “Baiwar Allah, ƴar gidan wa ce?”

Yaya, ɗan ƙauyen Baba ne. Alhaji Fawzi sunansa. Gidan mahaifiyarsa yana kallon injin niƙa, inda Baba yake ba mu labari. Ya ce yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Baba a nan Foz, shekara goma sha tara da suka wuce. Ya sa aka kawo min kujera, aka kawo kofi. Ya tambayi lafiyarki da sunanki. Na sha kofi ɗaya, ya ce ƴar Abu Ihsan ba ta tashi da ɗaya, na sha na biyu.

Da na nuna masa littafina ya ce, “Na sittin ɗin nan ko maƙiyina ba zan sayar wa ba. Mai fitilu kuwa fitilun kike saye. Ɗauki na tsakiya, ɗanki ya san abin da yake yi.” Ya rage min dala biyar ban roƙa ba. Ya ɗora kwalin a gabana. Teburin gwaji yana nan gefe, taku uku. Furosesar tana cikin jakata, hannuna ma yana kanta. Har ya ce, “In kina so a buɗe, sai a buɗe.” Kin san abin da na ce? Na ce, “Haba Alhaji, a tsakaninmu?”

Ke kin san yadda aka raine mu. Mutum ya ɗauki gawar ubanka, ka sha kofinsa, sannan ka ce ya buɗe kwali ka gani? Harshena ya ƙi. Na biya, na yi godiya, na fito. Abin dariya, a bakin gada na bi layin kwastan don in bayyana kayana, ko da yake kuɗinsu bai kai na haraji ba. Ma'aikacin ya duba rasit ya ce, “Dona, wuce abinki, kina tare mana layi.” A nan na iya bin ƙa'ida, inda ba wanda ya nema.

Yau da safe muka haɗa. Tarik yana kan waya yana kallo, Abu Tarik yana riƙe da tocila, ni nake aikin don yatsuna sun fi nasa ji. A tsakiyar allon akwai ɗan gurbi mai murfi baƙi, cikinsa ƙananan allurai ne ɗaruruwa, sirara kamar gashi, a kansu furosesar take zama. Na cire murfin. Lokacin da na miƙa hannu in ɗauko ta, na ji kamar zaren bakin hannun rigata ya ɗan kama wani abu. Kamar dai. Ban tabbata ba.

Muka gama, muka kunna. Fanka ta juya ta tsaya. Ta sake juyawa ta tsaya. Allo baƙi. Tarik ya sa muka sake kwancewa, na kusanto da waya. Ya duba, sannan ya ce, “Allura uku sun lanƙwashe. Mama, da aka gwada a shago lafiya yake?”

Abu Tarik ya kashe tocilar, ya ajiye ta a hankali, ya juya kekensa ya koma taga.

Na rasa inda zan sa kaina. Na wanke kwanukan da suke a wanke. Ki gaya min abin da zan yi.

Taki,
Widad.

Juma'a, 7 ga Fabrairu.

Yaya,

Assalamu alaikum, barka da Juma'a. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa gwiwa ta yi sauƙi.

Na saurari saƙonki sau biyu a banɗaki. Na san don kina ƙaunata kika ce in koma in ce haka na tarar da shi a kwali, tunda ba wanda ya ga hannun rigata. Tarik ma abin da ya ce ke nan, da nasa lafazin. Yaya, ba zan iya ba. Mai yiwuwa haka ya zo, an ce yana faruwa. Mai yiwuwa ni ce. In na ce haka ya zo, na faɗi abin da ban sani ba, na ɗora wa bawan Allah asara. In na ce ni ce, shi ma ban sani ba. Na ɗauko rigar na duba bakin hannun a rana, akwai zare ɗaya da ya fito, amma rigar tsohuwa ce, wa ya san tun yaushe?

Jiya tun da ya koma taga bai taso ba. Yau da na kai masa shayi sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Kofi nawa kika sha a wurinsa?” Na ce biyu. Ya ce, “Dala arba'in kowane kofi. Ko a otal ɗin da Tarik yake aiki ba a sayar da shi haka.” Ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na gaya masa maganar hannun riga, ban ɓoye ba. Ya ce, “Wannan ki bar shi a cikinki.” Na ce in an tambaye ni zan faɗa. Ya ce, “Na sani. Shekara talatin ina fama.”

Bayan an sauko daga masallaci na ji motsi a bayan ƙofa. Na leƙa, sai na gan shi yana ɗaura ƙafar roba, yana gumi, yana jan maɗaurin da haƙora. Na ce ina zuwa? Ya ce, “Gobe zan ƙetara. Ke ba za ki iya ce masa ya gwada ba. Ni ban sha kofinsa ba.”

Wata bakwai rabonsa da wuce ƙofar gida in ba asibiti ba. Ƙafar ba ta zauna masa daidai ba, ga suga, ga cunkoson Asabar. Na roƙe shi ya bari, ya ƙi. Yanzu haka yana zagaya falo da sanda, yana ƙirga taku. Ni kuma ina bin sa da ido ina ƙirga nawa tsoron.

Ƙanwarki,
Widad.

Lahadi, 9 ga Fabrairu.

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fatan kun wuni lafiya, ke da maigida da yara. Na ga kiranki har huɗu jiya, ki gafarce ni, mun dawo a gajiye.

Mun je. Da ƙyar ya hau bas, wata mata ta tashi ta ba shi wuri, ya zauna yana huci don kunya. Mun fi awa a kan gada. Amma tireloli suna jere a gefenmu, sai ya manta da kunyar, ya manna fuska a gilashi yana gyara wa direbobi tuƙi. “Dubi wannan, wa ya ba shi lasin? Ya ɗaure tamfol kamar zanin jego.” Ni dai idona yana kan ƙafarsa.

Na'urar hawa bene ta kasuwar ta kai mu hawa na uku, na huɗun sai da matakala. Sha takwas ne, na ƙirga. Ya tsaya sau biyu. Bai yarda na riƙe shi ba.

Alhaji Fawzi ya taso da murna, ya rungume shi, ya ce a kawo kofi. Abu Tarik ya ɗaga hannu ya ce, “A'a, Alhaji. Na ji labarin kofinka, ya fi ƙarfin aljihuna. Sai bayan gwaji.” Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Direba dai direba ne, ko a masallaci sai ya duba taya.” Ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya duba gurbin, dariyar ta ɗauke. Ya ce, “Uku sun kwanta. Ƴar Abu Ihsan, haka kika buɗe kika gani?”

Abu Tarik ya taka min ƙafa da ta robar, bai ma san ƙarfin da ya sa ba. Na ce, “Alhaji, ban sani ba. Ban duba ba kafin in sa hannu. Na ji kamar hannun rigata ya kama wani abu. Mai yiwuwa ni ce, mai yiwuwa ba ni ba ce.”

Abu Tarik ya dafe kai ya ce, “Ka gani ko? Na hau matakala sha takwas da ƙafa ɗaya, na zo da shaida, ashe shaidarka ce.”

Alhaji ya juya allon a hannunsa. Ya ce, “Da kin ce haka ya zo, da na karɓa don darajar mahaifinki, in ci asarar, don masu kawo mana kaya ba sa karɓar allura lanƙwasassa ko daga hannun wa. In na canza yanzu kuma, sadaka na yi wa mijinki, na ga kuwa ba irin mai karɓa ba ne.” Abu Tarik ya ce, “Ka gane mutum.” Alhaji ya ce, “Laifina ne ni ma. Na san ƙa'ida, na bar ki kika fita da kwali a rufe don kada in ba ki kunya. To mu je wurin Doña Eulalia.”

Wata mata ce mai gyara a ƙarshen layin, ta kai sa'arki, tabarau biyu a fuskarta, ɗaya kan ɗaya. Ta duba ta ce, “Wa ya yi wa yaran nan haka?” Muka kalli juna mu uku. Ta ce, “Kullum ba kowa.” Ta ɗauko allurar ɗinki irin tawa ta gida, ta ce kada wanda ya yi numfashi kusa da ita. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Ta tayar da ta farko. Ta kurɓi tererenta, shayin nan nasu mai sanyi. Ta tayar da ta biyu. Ta uku ta miƙe, ta miƙe, sai ta karye. Na ji ƙaramin sautin har cikin haƙorina.

Ta ce a gwada a haka. Aka ɗora komai a teburin gwaji. Fanka ta juya, ba ta tsaya ba. Allo ya kawo haske.

Amma allurar da ta karye ta tafi da gurbin ram ɗaya, sanda ɗaya kawai allon yake gani. Alhaji ya ce yana da babbar sanda guda, ta hannu, mu ba shi namu biyu mu cika kaɗan. A kan wannan cikon shi da Abu Tarik suka yi kusan awa. “Wannan ai ta girme ni!” “To kai ma ai kana aiki!” Sun rantse da kabarin kowa, na yi ta cewa su bar matattu su huta. Da suka daidaita, aka sake gwadawa a gabansa, sannan Abu Tarik ya ce, “Yanzu kawo kofin.” Ya sha uku.

Doña Eulalia ta ce ba ta ba da tabbacin wata nawa allon zai yi. Wannan yana raina. Abin da ya fi damuna kuma, da muka dawo na kwance masa ƙafar, na tarar dungun ya yi bororo har ya fashe. Kin san ciwo a jikin mai suga. Na wanke na ɗaure, na ce ranar Litinin sai asibiti. Na shirya jin musu, sai ya ce, “Ki ce musu su gyara maɗaurin, yana cizo a matakala.” Hankalina ba zai kwanta ba sai likita ya gani.

Yanzu La'asar ta wuce, ina rubuto miki daga kicin. Sun kama hanya tun ɗazu, su biyar. Na ji Osmar ya ce, “Baturke ya dawo! Mun ɗauka ka sayar da motar ka buɗe shago.” Ɗazun nan kuma Osmar ya taka burki a kwana ba sigina, Abu Tarik ya ɗura masa zagi tun daga tumbinsa har kakansa, da ƙarfin da maƙwabta suka ji. Shekara talatin, duk zagin da ya fito daga bakinsa a take nake cewa astagfirullah a madadinsa. Yau na tsaya da wuƙa da albasa a hannu, na bar shi ya kai ƙarshe, har na ji ina so ya ƙara. Sai da ya gama tas sannan na nema mana gafara, ni da shi.

Ki gaida maigidanki da yara. Ki sa ƙafar nan a addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Widad.